Hoto Ɗaya, Magana Biyu

Da hannu bibbiyu Auta ta rungume ƙafar gado, ta kifa goshinta a jikin ƙarfen, ta ce yau ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta zuwa asibiti.

"Yaya, don girman Allah ki ƙyale ni. Yau kaɗai. Ki ce musu na yi tafiya."

"Tafiya zuwa ina? Ke da banɗaki ma sai an riƙe ki? Tashi, mai tasi yana jira."

"Wallahi maganin nan ne yake kashe ni, ba ciwon ba. Ni nake jin jikina."

"Ke ce likitan ko shi?"

A waje mai tasi ya sake danna hon. Yaya ta durƙusa ta shiga ɓamɓare yatsun ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya. Ba wani aiki ba ne a wurinta. Shekara ashirin da biyu tana kitso, yatsunta sun saba da gashi mai taurin kai, Auta kuwa tun da aka ɗaura mata ledar kemo ta bakwai, wato maganin sankara, ko murfin robar ruwa ba ta iya murɗewa. Ta juya mata baya ta goya ta, kamar yadda ta goya ta shekara talatin da suka wuce, lokacin da uwarsu ta rasu ta bar mata ita tana 'yar shekara huɗu. Hawayen Auta suna gangara mata a wuya har suka isa bakin titi.

Auta malamar aji uku ce a makarantar firamare. Sankarar mama ta kama ta, aka yanke, aka yi murna, bayan shekara guda ciwon ya dawo ta hanta. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, kuma duk lokacin da aka kira shi a waya amsarsa ɗaya ce: "Duk abin da Yaya ta ce." Don haka Yaya ce mai cewa. Ita ce mai sa hannu a takarda, ita ce mai riƙe roba idan amai ya zo.

Duk layin shagunansu an san Yaya da baki. Ta taɓa bin mai shagon da take haya da matajin ƙarfe har bakin motarsa saboda rufin da ke yoyo. Mutum ɗaya ne rak a duniya take zama ruwan sanyi a gabansa, shi ne likitan da za su gani yau.

* * *

Ɗakin kemo dogo ne, kujerun fata goma sha biyu a jere, kowace da sandar ƙarfe a gefenta da ledar magani a rataye. Akwai talabijin a bango da ba a taɓa jin muryarsa ba. Kujerun kullum a cike suke, har wasu kan jira a baranda, mutum ya tashi da jiri wani ya zauna kujerar ba ta huce ba.

Marasa lafiya Janar suke ce wa likitan, saboda ba ya buɗe baki sai da maganar yaƙi. Mutum ne mai tsafta, mai fara'a, yana tuna sunan kowa har da na 'ya'yansa. In ya shigo ya ce, "Ina sojojina?" sai ka ga tsofaffin da suka kwana suna nishi sun gyara zama.

Ya tsaya a kan Auta riƙe da hoton cikinta da aka ɗauka makon jiya. Ya ɗaga shi saitin taga, ya nuna wasu ɗige-ɗige da bayan biro.

"Kun gani? Bai ja da baya ba, amma bai ci mu da yaƙi ba. Za mu sauya makami. Akwai sabon magani mai ƙarfi, ɗauri shida, duk bayan mako uku. Yau za mu fara."

Auta ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Likita, in aka tsaya fa? In aka bar ni haka nan, me zai faru?"

Ya juya ya dubi Yaya da murmushi, irin wanda ake yi idan yaro ya yi shirme a gaban baƙi.

"Hajiya, kina jin ƙanwarki? Muna tsakiyar fili tana neman ajiye bindiga."

Kunya ta kama Yaya kamar ita ta yi laifin. "Ka yi haƙuri, Likita. Gajiya ce. Kawo takardar."

Ta sa hannu. Inshorar makaranta ce ke ɗaukar kaso mafi yawa, sauran kuwa Yaya ta riga ta sayar da na'urar busar da gashi biyu cikin ukun da take da su, bai dame ta ba. In an ce ta sayar da shagon ma za ta sayar.

Sabon maganin bai zo da wasa ba. Bakin Auta ya yi gyambo har ruwa ya zama abin tsoro. Fatar tafin ƙafarta ta saɓule. Ɗauri na biyu ya faɗa daidai ranar da ake raba wa 'yan ajinta sakamakon ƙarshen shekara. Ta yi mako tana roƙo a ɗaga mata kwana ɗaya tak, ta je ta miƙa musu da hannunta, don ita ta koya musu karatu tun ba su san baƙi ba. Yaya ta tambayi Janar, ya girgiza kai ya ce abokin gaba ba ya hutu. Ranar Auta ta zauna a kujera ta huɗu, sanye da kayan da ta goge don zuwa makaranta, fuskarta a bango har ledar ta ƙare.

* * *

Ranar ɗauri na uku, a makon farko na sabon wata, suka tarar da ɗakin kemo wani iri. Kujeru bakwai babu kowa. Kafin Auta ta zauna aka ce Likita yana son ganinsu a ofis.

Janar ya tashi da kansa ya jawo musu kujeru. Yau babu maganar soja. Muryarsa ta yi laushi, har da haɗa tafin hannu a kan tebur.

"Malama, na yi tunani sosai a kanki. Akwai lokacin da ya kamata likita ya san ya isa. Kin sha wahala. Ina ganin mu tsaya haka, ki koma gida, ki ci abin da ranki yake so, ki zauna da 'yan uwanki. Za mu ba ki maganin rage zafi."

Ya zaro hoto daga fayil ya ɗaga saitin taga, ya nuna ɗige-ɗigen da bayan biro. "Kun gani? Bai ja da baya ba."

"Sauran ɗauri huɗun fa?" Yaya ta tambaya.

"Jikinta ba zai ɗauka ba, Hajiya."

"To ko za a sake ɗaukar hoto, a ga ko biyun da aka yi sun yi aiki?"

"Babu buƙata. Ƙarin wahala ne kawai."

Yaya ta yi kuka a ofishin, har ta yi masa godiya. Ta ce Allah ya saka masa da ya faɗa musu gaskiya, ba kowane likita ke da wannan tausayin ba. Wannan godiyar ce daga baya ta tsaya mata a rai, duk ta tuna sai ta ji kamar ta kwaɗa wa kanta mari.

* * *

Kwana takwas bayan haka, da hantsi, Sista Doguwa ta zo kitso. Nas ce a ɗakin kemo, ta gano shagon ne ta dalilin jinyar Auta. Ta zauna a ƙaramar kujera, ta sa kanta tsakanin gwiwoyin Yaya. Yaya ta daɗe da lura cewa mace in ta sunkuya idonta a ƙasa, ana tsaga mata gashi, sai ta manta wa take yi wa magana. A haka ta ji asirin aure da na saki da ba su ƙirguwa.

"Ƙananan kitso zan yi, Yaya, amma ki yi mini sauƙi. An yanke mana kuɗin ƙarin aiki. Ɗakinmu yanzu sai sauro."

"Ai na gani. Ko mutane ne suka warke?"

Doguwa ta tuntsire da dariya har matajin ya goce. "Warkewa? Lissafi ne ya sauya, tun ɗaya ga wata. Da, kamfanin inshora a kan kowace leda yake biya. Leda ta shiga jijiya, asibiti ya ci, Janar ya ci kasonsa. In ledar mai tsada ce kason ya fi tsoka. Bayani kuwa, ko awa uku zai yi yana yi wa mara lafiya, ko sisi ba a ba shi. To kamfani ya ga ana shanye shi, sai ya ce shi ke nan, kowane mara lafiya ga kuɗinsa dunƙule guda na wata shida. Leda, hoto, gwajin jini, duk a ciki. Abin da ya yi saura na asibiti ne, Janar kuma yana da kaso a sauran."

Hannun Yaya bai tsaya ba tukuna. Yatsun suna ta aikinsu su kaɗai.

"Ke dai ki ga ikon Allah," Doguwa ta ci gaba. "Mutumin da ko gawa aka kawo masa sai ya nema mata jijiya, dare ɗaya ya zama mai wa'azin haƙuri. A mako guda mutum goma sha tara ya sallama. Mu yanzu Liman muke ce masa. Wata ma da har kayanta na... wayyo! Yaya, fatar kaina!"

Sai a lokacin Doguwa ta tuna cinyar wa take kai. Ta ɗago a hankali, rabin kanta a kitse, rabi a tsaye.

"Yaya, ni fa ban ce komai ba. Aikina..."

"Hoton da ya nuna mana ranar da ya sallame mu, sabo ne?"

Doguwa ta sunkuyar da kai. "Ba a ɗauki wani hoto ba tun wancan."

Yaya ta miƙe. Abin da ya fara zo mata ba fuskar Janar ba ce, yatsun Auta ne a jikin ƙafar gado, da yadda ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya da hannun nan nata. Ta bar Doguwa a zaune da rabin kitso, ta bar ƙofar shago a buɗe.

* * *

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Janar yana tsoma burodi a shayi lokacin da ta turo ƙofa, sakatariya na biye da ita tana "Hajiya, Hajiya, akwai layi."

"Fito da hoton ƙanwata."

"Hajiya, ki zauna mana."

"Ban zo zama ba. Na zauna maka sau goma sha ɗaya. Fito da shi."

Ya yi wa sakatariyar alama ta fita. Ya zaro hoton. Yaya ta fizge ta dangwala yatsa a kusurwar da aka buga kwanan wata.

"Ranar da ka ce a ci gaba, wannan ka ɗaga. Ranar da ka ce a tsaya, shi dai ka ɗaga, a tagar nan, da biron nan. Ni ban yi boko mai zurfi ba, Likita, amma na iya karanta kwanan wata. Hoton bai sauya ba. Ciwon bai aiko maka da wasiƙa ba. To me ya sauya, in ba hanyar da kuɗi ke bi su shiga aljihunka ba?"

Ta zaci zai yi tsawa, ko ya kira masu gadi. Da ya yi hakan da ta ji daɗi. Sai ya cire tabarau ya murza idanunsa, ta ga ashe tsoho ne.

"Zan faɗa miki yadda abin yake. Cikin mata goma masu irin ciwon ƙanwarki, maganin nan yana ƙara wa ɗaya, wani lokaci biyu, 'yan watanni. Sauran wahala kawai suke sha. Babu wanda ya san wace ce ɗayar sai an gwada. In na ce a yi, ban yi ƙarya ba. In na ce a bari, ban yi ƙarya ba."

"Ɗaya cikin goma." Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana abu mai ɗaci. "Ɗaya cikin goma, 'yan watanni. Ni da nake zaton warkewa muke nema. Me ya hana ka faɗa mana haka ranar da na goyo ta a baya kamar buhu?"

"Ba ku tambaya ba."

"Ta tambaya!" Ta daki teburin har shayin ya fantsama a kan fayil. "Da bakinta ta tambaye ka, ka juya ka kalle ni kana murmushi! Ka san ni ce mai sa hannu. Ka san ina jin kunyarka. Da ni ka yi amfani, Likita. Ka mai da ni sandar dukan 'yar da na raina, ni kuma shashasha ina yi maka godiya!"

"Ba ni na tsara yadda ake biya ba, Hajiya. Na da ma ba ni ba ne, na yanzu ma ba ni ba ne."

"Amma kai ke karɓa. To bar wannan. Abu ɗaya na zo ji. In da matarka ce, ko 'yarka, babu kamfani, babu kaso. A ci gaba ko a tsaya?"

Ya dubi hoton, ya dubi taga.

"Shekara goma sha biyar da suka wuce da na amsa miki nan take," ya ce. "Yanzu wallahi ban sani ba. In na ji zuciyata ta ce a yi, ban san ko ni ne ba. In ta ce a bari, haka."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko takardar amincewa, irin wadda ta saba sa wa hannu, ya tura mata.

"In kuna son sauran huɗun, zan rubuta, ko asibiti zai ji haushina. Ku yanke shawara. Kada ta wuce mako guda."

Ta dube shi ta dubi takardar. Wato bayan duk wannan, kayan ya sake dawowa kanta. Ta so ta yayyaga ta watsa masa a fuska, amma in ƙanwarta ce ɗayar nan fa? Ta ninke takardar ta fita.

A baranda mutane sun kai ashirin a kan benci, kowa rungume da babban ambulan na hoto. Yaya ta tsaya a tsakiyarsu, muryar da ta tsorata mai shago ta dawo mata.

"Jama'a, kafin ya duba ku, ku tambaye shi yadda ake biyansa! Ku tambaye shi mutum nawa cikin goma! Kada ku sa hannu sai ya faɗa!"

Babu wanda ya motsa. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani dattijo mai bandeji a wuya ya ɗago da ƙyar.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri ki matsa. Tun safe muke nan, kuma ba mu da wani likitan."

* * *

Ta tarar da Auta zaune a bakin ƙofar ɗaki, a inda rana ke faɗowa da la'asar, tana ɓare lemo da farce. Mako huɗu rabonta da leda. Gyambon bakinta ya warke, jiya har shinkafa ta ci ta nemi ƙari. Sai dai farin idonta ya fara ɗaukar wani rawaya-rawaya, wanda Yaya ta lura da shi tun shekaranjiya ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta zauna a ƙasa kusa da ita ta faɗa mata komai, har ɗaya cikin goman, ba ta rage ko kalma ba. Ta roƙi Auta ta yafe mata. Auta ta saurara tana ɓare lemonta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ai na faɗa miki ba, duk da Yaya ta fi son ta faɗa.

"To ke me kika ce, Yaya?"

"Ni ba na sake cewa. Jikinki ne."

"In ba ke ba, wa zan tambaya? Shi?"

Auta ta ajiye lemon a cinya, ta kwance agogon da ke hannunta na hagu, wanda ya yi mata yawa har ta huda masa sabon rami. Hannun duk tabo ne baƙi-baƙi daga gwiwa zuwa yatsu, jijiyoyin sun ƙone sun shige. Amma a inda madaurin agogon ya rufe akwai wata 'yar siririyar jijiya, lafiyayya, allura ba ta taɓa ta ba.

"Na ɓoye musu ita," ta ce, har da ɗan murmushi. "Ban san dalili ba. Kawai na so a bar mini guda ɗaya. In kin ce a koma, ga ta nan, ba za su sha wahalar nema ba."

Ta miƙo hannun. Yaya ta karɓa, ta ɗora babban yatsanta a kan jijiyar ta rufe ta. Lemon ya zame daga cinyar Auta ya gangara ƙarƙashin kujera, babu wadda ta tashi ɗaukowa.